Duk-Ɗaya da 'Yar Toka

Teburina na gyaran agogo yana jingine da bangon shagon wani mai aski, kuma ya daɗe a wurin. Ta tagar da ke tsakaninmu nake jin ƙarar injinsa, shi kuma yana jin tarina. Sunan da unguwa ta san shi da shi Duk-Ɗaya. Ban san wanda ya fara laƙaba masa ba, amma na san dalili. In mutum ya zauna a kujerarsa ya ce, "Wanne ya fi dacewa da ni, a rage ko a kwashe?" sai ya tsaya ya dubi kan ta gaba, ya zagaya ya dube shi ta ƙeya, ya ce, "Duk ɗaya ne." In mai shayi ya tambaye shi da madara ko babu, amsar ke nan. Ba raini a ciki. Mutum ne mai taushin hannu, bai taɓa yankar kunnen kowa ba. Zaɓi ne kawai yake masa nauyi kamar an ɗora masa buhun siminti.

Da ba shi da wa, wataƙila da ya koya. Amma yana da wa, kuma wan nasa irin mutanen nan ne da ba sa barin tambaya ta huce. Shi ya kai shi koyon aski, shi ya kama masa shagon, shi ya nuna inda za a kafa madubi. Har fentin bango shi ya zaɓa, wani shuɗi mai shiga ido. Na taɓa tambayar mai askin ko yana son launin. Ya ɗaga kai ya kalli bangon kamar ranar ya fara ganinsa, ya ce, "Yaya ya ce yana ɓoye datti."

Wan nasa Manaja ake ce masa, domin shekaru masu yawa shi ne mai ɗakin gem na ƙarshen layinmu. Waɗanda suka taso yanzu ba su san wurin ba. Ɗaki ne mai labule mai kauri, da dogayen benci, da talabijin irin masu ƙeya, kowace da na'urarta a gaba. Na'urorin ba su da girma, suna da zagayayyen murfi a sama inda ake sa faifai, kuma launinsu na toka ne, shi ya sa ake kiransu 'Yar Toka. Ni ban taɓa buga gem ba. Amma nakan leƙa in kai wa Manaja agogonsa, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rabin na'urorin a kife suke, ƙafafunsu a sama kamar mataccen kyankyaso.

Na ce, "Manaja, waɗannan laifin me suka yi?"

Ya ce, "Baba, idonsu ne ya gaji. In ka kife ta sai idon ya matso kusa da faifai, ta karanta."

Haka yake yi kuwa. Faifai ya ƙi tashi, masu wasa sun fara ihu, sai ya taho ba gaggawa, ya huci faifan, ya goga a cikin rigarsa, ya rufe murfi, ya juya na'urar da hannu biyu, ya ƙwanƙwasa mata baya da ƙashin yatsa. Sai ka ji kiɗa ya tashi. Ba ya barin kowa ya yi wannan aikin. Ƙaninsa ma in ya miƙa hannu, buge hannun yake yi.

Da wayoyi suka shigo aljihun kowa, ɗakin ya fara bushewa. Manaja ya sayar da komai, ya koma tsaron sito a wajen wani mai kayan gini. Bai yi ƙorafi ba, ko dai ni ban ji ba. Yana nan har ranar da hawan jini ya kayar da shi a bakin siton. Ya tashi da ɓarin jikinsa na dama a shanye, bakinsa ya ɗan karkace, magana ta ɗauke sai ƙugi. Ƙafar ta dawo kaɗan kaɗan. Hannun ne ya ƙi. Yana kwance a cinyarsa kamar na aro.

Likitar gashin ƙashi da ke zuwa gida ta ce hannun bai mutu ba, barci yake. Amma in aka bar shi haka, yatsun za su dunƙule su ƙage, kuma in sun ƙage ba mai buɗe su. Ta ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Da an sa masa a tafi sai ya bar ta ta gangara ƙarƙashin gado, ya bi ta da ido, ya mayar da fuska bango.

Wata safiya matar Manaja ta zo shagon. Mace ce mai ɗinki a cikin gida, ba ta cika fita ba, don haka da na gan ta na ajiye abin da ke hannuna.

Ta ce, "Duk-Ɗaya, kashe injin nan ka saurare ni. Likita ta tambaye ni abin da hannun yayanka ya fi sabawa da shi a duniya. Na ce gem. Ta ce a nemo masa. To ka nemo."

Ya ce, "Wacce zan nemo?"

"Ni kake tambaya? Ni da ko ƙura bai taɓa bari na kaɗe musu ba? Kai ka zauna a ɗakin tun kana yaro."

"Zama na yi, Yaya ke taɓawa."

"To yau kai za ka taɓa," in ji ta, ta gyara mayafi ta tafi.

Abin da ya biyo baya, wani na gani, wani shi ya ba ni labari ta taga. An kwatanta masa wata mai gyaran kayan wuta a ƙarƙashin matattakalar ginin masu waya, ana ce mata Injiniya. Ya same ta da gilashin ƙara girma a goshi, hayaƙin dalma yana tashi gabanta. Ya gaya mata buƙatarsa.

Ta ce, "Faifan asali sun yi wuya, waɗanda suka rage duk sun karce. Sai an yi wa na'urar aiki. Aikin iri biyu ne. Ko in sa mata cif, ta riƙa karanta faifan da aka kwafa. Ko in cire idon gaba ɗaya in dasa mata wurin memori, a zuba maka gem har ka gaji, ba faifai, ba ƙara, ba jira. Amma ba kowace 'Yar Toka ce ke karɓar aiki ba. Kai za ka kawo na'urar, ni ba na sayarwa."

Ya ce, "Ba duk ɗaya ba ne?"

Ta ɗage gilashin ta dube shi sosai. "Malam, aski kake yi ko? Kan jariri da kan tsoho ɗaya ne?"

Ya ce mata shi dai duk yana aske su.

Ta ce, "To saurara. Iri uku ne. Akwai ta farko, mai ramuka da yawa a baya. Kar ka kuskura. Idonta yana kusa da inda wuta ke shiga, zafi ya riga ya cinye shi. Akwai ta ƙarshe, 'yar ƙarama, kyakkyawa, amma allon cikinta a matse yake, dalma ta zame kaɗan an gama. Ta tsakiya nake so, ita ce mai jure wahala. Sai dai a cikin ta tsakiyar ma akwai ta farkon tsakiya da ta ƙarshen tsakiya. Ta farkon tsakiya ka nemo. Ka gane?"

Ya ce ya gane. Da ya dawo ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, ta ce in sayo ta farko wadda ba ta farko ba."

Na ce masa ya sha ruwa tukuna.

Washegari ya je wajen Mai Gwanjo, wani mai sayar da tsofaffin kayan wuta a bayan tasha. Rumfarsa cike take da rediyo, da fanka marasa kai, da wayoyin wuta a cukurkuɗe cikin kwali. 'Yan Toka suna jere a kan wani katako, ƙura ta ƙara musu toka.

Mai Gwanjo ya ce, "Wa ya ce maka ta tsakiya? Maigida, an cuce ka. Ta farko ita ce ƙarfe. Lokacin masu ƙera ta ba su koyi rowa ba. Ɗaga ka ji nauyi. Ɗaga mana!"

Ya ɗaga. Da nauyi kuwa.

"Ta ce idonta ya mutu."

"Idon wa bai mutu ba? Ni nan da kake gani ba na karanta lambar waya. An jefar da ni?"

Ya dawo bai sayi komai ba. Da rana wani direban motar haya ya zauna a kujera, ya ji zancen, ya ce duk ƙarya suke yi, 'yar ƙaramar ce ta fi, domin ita ce ta zo daga baya, ba ta sha duka sosai ba. Wani mai jiran layi ya ce shi a zamaninsa 'yar ƙaramar ce ta fi saurin ƙonewa, ya ƙona biyu da hannunsa. Direban ya ce wannan laifin hannunsa ne. Suka kaure da musu har suka manta da mai tambayar. Da yamma wani ya nuna masa bidiyo a waya, wani mutum a wata ƙasa yana warware na'urar yana magana da yaren da ba wanda ya ji, yana ɗaga allon ciki yana girgiza kai, ya ɗaga wani ya gyaɗa kai. Duk-Ɗaya ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Allon da ya girgiza wa kai da wanda ya gyaɗa wa, ni kore na gani duka."

A kwanakin nan ne ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya kwashe wa wani malamin makaranta gashin baki ɓari guda, ya tsaya yana kallon bango da injin a hannu. Malamin mutumin kirki ne, ya ce a ƙarasa ɗaya ɓarin kawai, dama matarsa ta daɗe tana ƙorafi.

Rannan ya rufe shago da wuri ya tafi gidan wansa. Ya ɗauki hotunan na'urorin a waya, ya zauna a gefen gado yana nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Da ya dawo bai shiga shago ba, ya zauna a kan bencina.

Ya ce, "Baba, na tambayi Yaya."

Na ce, "Me ya ce?"

"Bai ce ba." Ya daɗe yana kallon agogunan da ke cikin gilashina. "Ban taɓa tambayarsa abu bai ce ba."

Can ya ce ni wacce na gani. Na ce ni agogo na sani, shi ma wanda na buɗe. Bai ji daɗin amsar ba, na ga alama. Ya ce yatsun Yaya sun fara lanƙwasa, ƙaramin da mai bi masa, matar tana miƙe su suna komawa.

Ya yi ta zarya tsakanin Injiniya da Mai Gwanjo har Mai Gwanjo ya gaji da ganinsa. Ya ɗauko wani buhu ya zuba masa guda biyu masu kama ɗaya, ya ce, "Ga ta tsakiyarka nan har biyu. Kai wa malamar taka ta zaɓa, ka riƙe ɗaya ka dawo mini da ɗaya. Ka hana ni cin abinci, ka hana kanka aski."

Injiniya ta kwance ɗaya a cikinsu, ta duba, ta ce madalla. Ta kwance ta biyu, sai ta yi tsaki ta fashe da dariya.

"Ka ga aikin 'yan gwanjo ko? Wannan rigar ta tsakiya ce, amma cikin na ta farko ne. Murfinta ya fashe, aka sa mata na 'yar'uwarta. Dubi idon, ya zauna ɓari guda kamar tsohuwar kujera."

Ya ce, "Wato ta tsakiya ce a waje, ta farko a ciki."

"Yauwa."

"Ita kuma waccan ta farkon tsakiya ce."

"Yauwa."

"To wacce ce ta farko?"

Ta ce, "Malam, je ka yi aski. Cif zan sa ko memori?"

Kun san abin da ya ce. Ta cire wa mai lafiyar ido, ta dasa mata wurin memori, ta zuba mata gem na ƙwallo da na tsere da na faɗa. Ta ce wannan har jikokinsa za su gada. Ta mayar da ɗayar cikin buhu yadda take.

Ranar da aka kai na'urar, matar Manaja ta share ɗaki, ta aro wata tsohuwar talabijin mai ƙeya a maƙwabta, ta ɗora a kan teburin da ke gefen gado. Duk-Ɗaya ya jona wayoyi, ya danna. Kafin ya ɗaga yatsa sunayen gem sun fito a jere, shiru, ba ko motsi. Ya zaɓi na ƙwallo, ko in ce na ƙwallo ne a sama. Ya ɗauki abin dannawa, wanda suke ce wa fad, ya ɗora a cinyar wansa, ya jawo hannun daman ya kwantar a kai.

Manaja ya kalli talabijin. Ya kalli na'urar. Ya daɗe yana kallon na'urar fiye da talabijin. Sannan ya mayar da fuska bango, fad ɗin ya zame ya bi hanyar da ƙwallon roba take bi.

Aka ce ranar farko ce. Aka sake gwadawa, aka kuma sakewa. Matar ta zauna ta buga da kanta don ta ba shi haushi, 'yan wasanta suna ta gudu suna fita fili. Bai juyo ba. Likita ta zo ta taɓa yatsun, ta ƙara yawan miƙewar da za a riƙa yi musu.

Duk-Ɗaya ya yanke wa kansa hukunci cewa na'urar ce ba daidai ba. Ya ce da ya sani da ya saurari Mai Gwanjo. Da rana ya ce da ya saurari direba. Ya cire ta, ya sa a buhun nan tare da 'yar'uwarta, ya koma wajen Injiniya. Ta jona, ta gwada, ta ce, "Me ya same ta? Wannan ta fi ni lafiya."

"Yaya bai kalle ta ba."

"Ni na'ura nake gyarawa, Malam. Allah ya ba yayanka lafiya." Ya ce ta faɗa a hankali, ba da faɗa ba.

Ya biyo ta gabana da buhun a kafaɗa. Ya ce zai ajiye wadda aka yi wa aikin a gidan Yaya, ya wuce ya mayar wa Mai Gwanjo tasa. Dama agogon Manaja yana wurina tun kafin ya faɗi, na gyara ba wanda ya zo karɓa. Na sa shi a aljihu na ce mu je tare.

La'asar ce, rana tana shigowa ta labule. Manaja yana zaune a bakin gado, an jingina masa matashi. Ya rame. Na gaishe shi, ya amsa da ido. Matar tana kan keken ɗinki a ƙofar ɗaki, ta ce in dai gem ne a bar mutum ya huta. Duk-Ɗaya ya ce jonawa kawai zai yi ya tafi. Ya zura hannu a buhu ya zaro ɗaya, ya ɗora a kan teburin, ya jona, ya danna.

Sunaye ba su fito ba. Sai wata ƙara daga cikin na'urar, kamar ɓera yana gurgurar katako. Ta yi, ta tsaya, ta yi ƙas ƙas, ta sake. Talabijin ta tsaya a kan baƙin allo.

Ya ce, "Innalillahi. Na lalata ta. Baba, ka ga na lalata ta. Yanzu fa take aiki a wajen Injiniya!"

Ya buɗe murfi, sai ga tsohon faifai a ciki, duk karce, wanda Mai Gwanjo ke gwaji da shi. Ya tsaya yana kallonsa.

"Ta ce ta cire idon. To wa ya mayar? Ko a hanya ya dawo?"

Matar ta ce, "Ido ne zai dawo a hanya? Kai dai Allah ya shirye ka."

Ni ba na'urar nake kallo ba. Tun ƙarar farko Manaja ya juyo da kansa. Fuskarsa ta canja, ta koma wata fuska da na sani tun zamanin ɗakin labule, ta mutumin da ake ɓata masa aiki a gabansa. Duk-Ɗaya ya rufe murfi ya danna, ƙarar ta dawo. Ya kashe ya kunna. Ya jijjiga waya. Ya ɗaga na'urar ya girgiza ta kusa da kunnensa.

Manaja ya yi wani ƙugi mai ƙarfi. Keken ɗinki ya tsaya.

"Yaya, ruwa kake so?"

Ya sake ƙugin, ya miƙa hannun hagu ya buge hannun ƙaninsa. Bugun ya yi ƙara. Ya jawo na'urar zuwa bakin tebur, ya buɗe, ya ciro faifan, ya huce shi da karkataccen bakinsa, ya goga a ƙirjin rigarsa, ya mayar, ya rufe. Sannan ya kama gefenta zai juya. Da hannu ɗaya ba ta juyuwa, sai zamewa take a kan tebur, wayoyi suna jan ta. Duk-Ɗaya ya matso zai taimaka. Na riƙe masa riga.

Ta zame, ya jawo. Ta sake zamewa har ta kusa faɗowa. A nan ne kafaɗar dama ta ɗaga. Hannun ya taso daga cinya, ba da nisa ba, yana rawa, ya faɗa a bakin tebur, ya ja jiki har ya tokare na'urar. Yatsun nan biyu da suka lanƙwasa suka buɗe kaɗan. Hagu ya tura, dama ya tare, 'Yar Toka ta kife, ƙafafunta a sama.

Ya huta, gumi a goshinsa. Sai ya dunƙule hannun daman, ya ɗaga shi kamar faɗin yatsa, ya sake shi a bayanta. Ba za a kira shi ƙwanƙwasa ba, amma ta ji. Ƙarar ta canja, ta zama santsi, kiɗa ya tashi, fili kore ya bayyana.

Manaja ya dubi ƙaninsa, ya tattara bakinsa, ya ce, "Sakarai."

Kalmar ta fito sarai. Matar ta rufe fuska da ƙyallen da take ɗinkawa. Duk-Ɗaya yana tsaye yana duban buhu, yana duban tebur, ya ce, "To wai wacce ce wannan?"

Na ajiye agogon a kan matashi na fito.

Abin da ya rage shi ne Mai Gwanjo yana jiran ɗaya, kuma faifai ɗaya ne a gidan, shi ma rabinsa ba ya karantuwa. Da safe Duk-Ɗaya ya ɗauki buhun ya koma ƙarƙashin matattakala. Ya ce da ya ajiye mai ciwon idon a gabanta, Injiniya ta ɗauka ya sake rikicewa ne.

Ta ce, "Waccan ce taka. Wannan ta mayarwa ce."

Ya ce, "Wannan nake so. Ki sa mata cif, ta riƙa karanta faifan kwafi."

"Sai in canja mata ido ke nan."

"A'a. Ki bar idon."

"Malam, idon nan ya kusa mutuwa. Kullum sai an kife ta, wata rana ko an kife ba za ta tashi ba."

"In ya mutu, ki nemo mini wani mai ciwo irinsa."

Ta ce ta yi shekara da shekaru tana wannan aiki, ba a taɓa aiken ta neman ido mai ciwo ba. Ta tambaye shi ya tabbata, ko duk ɗaya ne. Ya ce mata wannan. Ta sa cif ɗin tana girgiza kai. Mai Gwanjo kuwa da aka mayar masa da mai lafiyar, an riga an yi mata aiki, ya juya ta ya sake juyawa yana neman inda aka cuce shi. Da bai samu ba sai ya ce, "Ban gaya maka ta farko ita ce ƙarfe ba?"

Hannun Manaja bai koma yadda yake ba, kar in faɗi abin da ban gani ba. Amma yatsun ba su ƙage ba. Yana riƙe kofi yanzu, in ba a cika shi ba. Fad ɗin ma ya fara riƙewa, babban yatsa yana bin maɓalli a hankali, 'yan wasansa suna tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Matar ta ce wasan bai dame shi sosai ba. Abin da yake jira shi ne faifai ya ƙi tashi. Ta ce wani lokaci in na'urar ta tashi da kanta ba gardama, sai ya kashe ya sake kunnawa.

Shagon yana nan da shuɗin bangonsa. Masu aski suna tambaya a rage ko a kwashe, suna samun amsar da suka saba. Kwanan baya wani mutum ya zo, ya ce an gaya masa mai askin nan ya san kan tsofaffin na'urorin gem, yana so ya sayi wadda za a yi wa aiki ta daɗe, wacce ce mai aminci? Na kasa kunne ta taga. Duk-Ɗaya ya kashe injin.

Ya ce, "Ta tsakiya ce mai lafiya, haka masu sani suka ce, kuma na gani. Ta farko idonta mai ciwo ne. Ita muke amfani da ita."

Mutumin ya ce bai gane ba.

Ya ce, "Ni ma har yanzu ban gane ba. Sunkuyar da kai in gama maka, Yaya yana jirana da faifai."